RAV4, CR-V ko Tucson: wacce za ta riƙe ni a Kumasi?

Maman Fauziyya, Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia, kuma Corolla nake ja tun zamanin da yarana suke goye. Yanzu sun girma, kaya sun ƙaru, ga layinmu idan damina ta kama sai cikin motar ya dinga gugar ƙasa. Ina so in koma mota mai ɗan tsayi. Dillali ya nuna mini guda uku, duk 'yan Amurka ne: RAV4 ta 2015, CR-V ta 2016, da Tucson ta 2017. Tucson ɗin ta fi su kyau a ido kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Aikina kai yara makaranta, kasuwa, sai zuwa Tamale wajen iyaye lokacin Sallah. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, kuɗin adashe ne, ba na so su tafi a banza.

Baba Fita, Suame:

Wa alaikumus salam Hajiya. A Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, nake tun ina yaron shago, don haka abin da nake gani a ƙarƙashin mota zan faɗa miki. Kafin komai ki tambayi dillalin nan wane inji ne a Tucson ɗin. Ta 2017 iri biyu ce. Akwai mai inji 2.0 da giya shida ta gargajiya, wannan ba ta da hayaniya. Akwai kuma mai 1.6 turbo da giya bakwai mai kuloci biyu. Wannan ta biyun an yi ta ne don titi buɗaɗɗe. A cunkoson Kejetia zuwa unguwar Dr. Mensah, inda za ki matsa taku biyu ki tsaya, kulocin yana ɗaukar zafi, motar ta riƙa karkarwa in za ta tashi. Kuma ba kowane fita (makanike) ne ya iya taɓa ta ba. Sau da yawa arahar da kike gani daga nan take.

RAV4 daga 2013 zuwa 2018 injinta 2.5 ne, giya shida, sarƙa ce a injin ba bel ba. Kayan gyaranta kuwa, ki aiki yaro Magazin da safe, kafin azahar ya dawo da shi, sabo ko na hannu. CR-V ma mota ce, amma daga 2015 ta Amurka ta koma giyar CVT, wato giya mai canja kanta wadda ba ta da matakai irin na gargajiya. Tana da sauƙin mai, sai dai ba ta yafe wa wanda ya zuba mata man giyar da ba nata ba. Ni da kuɗina ne, RAV4.

Ɗan Asawase:

Baba, da girmamawa, ku 'yan Magazin kowace tambaya amsarku Toyota ce. Hajiya ta ce adashe ta kwasa. Idan ta zuba duka a RAV4, da me za ta sayi taya, ta biya inshora, ta yi canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci? Ni Tucson 2.0 nake ja, kuma kayan Hyundai da Kia yanzu sun cika gari, ba kamar da ba. Gaskiya ɗaya da zan yarda da ita: but ɗinta, wato wurin zuba kaya, bai kai na sauran biyun ba. Mai ɗaukar dilar atamfa za ta ji bambancin.

Baba Fita, Suame:

Ɗana, ranar sayarwa za ka gane. Mai Toyota yana sa farashi ya zauna, mai saye ya same shi har gida.

Malam Sani na Tafo:

Hajiya, bari in taɓo abin da ba su taɓa ba. Sunan mota bai kai tarihinta muhimmanci ba. Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema daga gwanjon motocin haɗari na Amurka aka sayo su, aka daddaɓe a nan aka yi fenti. Wata bugun gefe ne kawai, wannan ba komai. Wata kuwa ambaliya ce ta shanye ta, sai bayan wata uku wayoyi su fara hauka. Ki karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar jikin motar, tana nan a gindin gilashin gaba ta gefen direba, ki sa ɗanki ya bincika a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo za su fito. Ki ɗaga kafet ki shinshina. Ki kunna makulli ki ga fitilar jakar iska (airbag) ta kama sannan ta mutu, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. Takardun kwastan ma a duba su sun dace da lambar motar.

Sannan kada ki biya ƙarin kuɗi don AWD, wato mai jan ƙafa huɗu. Hanyar Techiman, Kintampo har Tamale kwalta ce, mai jan ƙafar gaba ta ishe ki, kuma ta fi sauƙin mai. Batun tsayi ma kar ki sa rai da yawa: RAV4 ta waɗannan shekarun kusan santimita 16 ce daga ƙasa. Za ta tsallake ramukan layinku, amma in kwata ta cika ta malalo titi, ki jira ruwa ya janye.

Maman Fauziyya, Aboabo:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na kira dillalin yanzu, Tucson ɗin turbo ce, don haka na ajiye maganarta. Saura biyun. Baba, in na shawo kansa ya kawo su Suame ranar Asabar, za ka sa musu na'ura ka duba mini? Kuma nawa ne kuɗin dubawar, in sani tun yanzu.