Neman kalmar da za ta maye gurbin "jakin" a bakin direbobi da kanikawa

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da direbobi da kanikawa a nan Jos suke nufi idan suka ce mota tana "jakin", wato "jerking" na Turanci. Ba na ƙyamar aro, domin kuloci da totur da farfela duk aro ne, kuma sun zauna daram a bakinmu. Illar wannan kalma ita ce ta haɗiye cututtuka uku da ba su haɗa komai ba, har mai mota ya je gareji ya ce tana jakin, bakanike ya kama fulogi ko nozul, alhali ciwon yana can ƙarƙashin bodi. A rubuce kuma tana karo da jaki da jak ɗin ɗaga mota. Wasu daga cikinku sun riga sun kawo kalmomi irin su "fizga" da "zabura" da "misin", kuma zan amsa musu a ƙasa.

Abin da na fi so mu raɗa wa suna shi ne wanda ya fi damun a-kori-kura, irin su Hilux da ke ɗauko dankalin turawa daga Bokkos ko kai tumatir kasuwar Farin Gada. Direba ya tsaya cak a danja ko a cunkoson Terminus, ya ɗaga ƙafa daga birki ya taka totur, sai ya ji bugu guda ɗaya daga baya, har ya duba madubi yana zaton wata mota ce ta taɓa shi. Daga nan motar ta miƙe lafiya lau, ba za ta sake yi ba sai an kuma tsayawa an tashi.

Sau da yawa asalin wannan yana jikin farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksil ɗin baya. Aksil ɗin baya na a-kori-kura yana ɗaure ne a kan sifirin mai falle-falle, saboda haka yana hawa yana sauka, yana kuma ɗan murɗawa idan an taka birki ko an ba da wuta, kuma dole tsawon farfela ya riƙa canzawa tare da shi. Shi ya sa aka yi mata wata gaɓa mai haƙora wadda sanda ɗaya ke zamewa cikin ɗaya. Idan giris ɗin gaɓar ya bushe, ko ruwan damina ya wanke shi ƙurar hunturu ta maye gurbinsa, sai ta cije lokacin da motar ta tsaya, ta saki gaba ɗaya lokacin tashi, kamar aljihun tebur da ya kafe, a yi ta ja ya ƙi, sai ya fito da ƙarfi lokaci guda. Kuros (gaɓar nan mai kama da gicciye da ke ƙarshen farfela) da ya ci, da boris ɗin tsakiyar farfela, da kusoshin da suka ɗaure aksil da sifirin in sun saki, da robar da inji ko giyabos ke zaune a kai in ta yage, duk suna iya ba da irin wannan bugu.

Ɗan'uwa da ya kawo "fizga", na gode, kuma ita ce ta fara zuwa bakin kowa. Sai dai fizga ta yi faɗi, domin ana cewa mota tana fizga a kan kowane gudu, har a babban titi idan mai ya yanke mata. A ganina a bar ta ta zama uwar kalma wadda za ta tsaya a madadin jakin gaba ɗaya, sannan a yi wa 'ya'yanta sunaye. Malama da kika ce "zabura", kalmar tana da kyau, amma motar da ta zabura gaba ta yi da sauri fiye da yadda direba ya nema, wannan kuwa ya fi kusa da matsalar totur ko giyar otomatik da ta yi jinkirin kamawa sannan ta kama da ƙarfi.

Ni dai ina goyon bayan "tunkuɗar tashi". Tunkuɗa daga baya take zuwa, sau ɗaya ake yin ta, kuma wanda aka tunkuɗa a gadon baya yake ji, wanda shi ne daidai abin da direba ke ji ta kujera. Tana kuma shiga jimla ba tare da wahala ba: a ce tana tunkuɗa in za ta tashi. Bakanike da ya ji haka ya san rami zai kai motar. Zai kashe inji, ya sa weji a tayoyi gaba da baya, ya mayar da giya firi, ya kama farfela da hannu biyu ya murɗa ta hagu da dama, ya girgiza ta sama da ƙasa. In ya ji ƙwas a wurin kuros, ko ya ga jan garin tsatsa ya fito a gefen hulunansa, to an kama ɓarawon. In kuros lafiya yake, sai ya ɗura giris a gaɓar mai haƙora ta ɗan bakin da aka yi domin haka, ba tare da ya cika ta maƙil ba, domin giris da ya yi yawa yana hana ta komawa ciki. Idan bugun ya ɗauke bayan haka ya dawo bayan wani lokaci, an tabbatar daga nan yake.

Na biyun kuwa sunansa yana nan tun tuni, wato karkarwa. Ita ce ta mota mai kuloci, inda duk jikinta ke rawa a daidai lokacin da ake sakin ƙafa, musamman a hawa da kaya, irin hawan da ba a rasawa a garin nan. Yawanci faifan kuloci ne ya sha baƙin mai daga sil ɗin bayan inji da ke yoyo, ko fuskar da yake mannewa a kai ta ƙone ta daina zama sumul.

Baba, ka ce a garejinku "misin" kuke cewa ga na ukun, kuma ba na musu da wanda ya tsufa a sana'a. Na fi son "shaƙewa" ne kawai saboda mai mota zai iya faɗinta ba tare da ya riga bakanike yanke hukunci ba: an taka totur, inji ya yi kamar zai mutu, sannan ya farfaɗo. Misin, wato silinda ta kasa kama wuta, ɗaya ne daga dalilanta, tare da matatar mai da ta toshe da datti a maƙogwaron iska. A nan ne kwamfutar gwaji take da amfani, tun da Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ta shi mota ke ba da lambobin matsalolinta, a ƙananan motocin da ake sayarwa can daga 1996, kuma lambar P0300 tana nuna misin ɗin da bai tsaya a silinda ɗaya ba. Amma kwamfuta ba ta ganin busasshen giris ko kuros da ya ci, don haka kuɗin da aka biya a jona ta saboda tunkuɗar tashi galibi asara ne.

Abin da ya rage shi ne sunan gaɓar nan mai haƙora. Na ji wasu na cewa haƙoran farfela, ni kuma "mazamin farfela" ya fi kwanta mini, domin aikinta zamewa ne. Iyayenmu kanikawa na Farin Gada da masu sayar da kayan gyara a Dilimi, da wane suna yaranku suke nemanta idan kun aike su?