Wasan kama-kama na ƙungiya a cikin ɗaki: yaya kuke shirya shi ba tare da rauni ba?

Malamar aji uku: Assalamu alaikum. Damina ta kankama, filin makaranta ya zama taɓo, yara kuma ba sa zaunuwa. Masu raba yara gida biyu su yi kama-kama a zaure ko babban aji, don Allah ku faɗa mana yadda kuke yi.

Malamin motsa jiki: Wa'alaikumus salam, Malama. Ɗakin ake fara shiryawa kafin yaran. A fitar da bencina, a ɗauke fanka ta tsaye da duk wata wayar lantarki da ke ƙasa. Sai a ja layi da alli, mita ɗaya da rabi daga kowane bango, wanda ya tsallake shi an kama shi ke nan. Yaron da aka biyo waiwaye yake yi, ba ya ganin gabansa. Shi ya sa ba a mai da bango wurin sha: da gudu zai iso, hannu a miƙe, wuyan hannun ne zai ɗauki nauyinsa duka, in kuma tagar gilas ce a wurin abin ya fi muni. A zana da'ira a ƙasa, ita ce wurin sha.

Ajin da yake mita 7 da 9, in an cire gefe, mita 4 da 6 ya rage. Yara takwas ya ishe shi, huɗu-huɗu. Sauran su zauna bayan layi, a riƙa canji duk minti 2.

Malamin islamiyya: Haka ne, Malam. Ni dai ban yarda da kamu da hannu ba. Daga "na taɓa ka" sai "ba ka taɓa ni ba", daga nan sai turi. Wutsiya ta fi. A karɓo ragowar yadi wajen tela, launi biyu, kowane ƙyalle tsawon kamu biyu, faɗin yatsa uku. A soke shi a ƙugu ta gefe, fiye da rabinsa a waje. Wanda aka zare wa nasa an kama shi, babu gardama. Kada a ɗaure shi, don in bai zaru ba yaron zai biyo hannun mai ja ya faɗi. Yarinya mai doguwar riga ta yi ɗamara da ɗankwali ta soke a ciki. A cire fil daga hijabi, dogon kuma a naɗe shi sama, kada a taka. Mata da zagayensu, maza da nasu.

Mai kula da 'yan nazare: Ba ku yi maganar ƙafa ba. Safa a kan tayil ita ce ta fi kayar da yara, silifas kuma fita yake ana tsakiyar gudu. Ko kowa kambas, ko kowa ƙafa ba takalmi a daɓe mai tsabta. Kada a gauraya, mai takalmi zai take yatsun maras shi. Tabarma da leda a naɗe su. Ruwa a waje ake sha, ɗigo kaɗan a tayil ya isa.

Malamar aji uku: Wanda aka kama fa, fita zai yi?

Malamin motsa jiki: A'a Malama, marasa ƙarfi ne kullum ke fara fita, su ne kuma suka fi buƙatar wasan. Ya kai wa malami hannu a ba shi wata wutsiya, ya ƙirga goma a wurin sha ya dawo. Ƙungiyar da ta tara ƙyallaye da yawa ita ta ci. Zagayen farko da sassarfa ake yi, ba gudu, har su saba da iyaka. A gwada usur sau uku kafin a fara: busa ɗaya, kowa ya tsaya cak. Kada a haɗa ɗan shekara 6 da ɗan 11, goshin ƙaramin kusan daidai kafaɗar babban yake. Langa kam a bar ta sai kan yashi.

Ma'aikaciyar jinya: Malamai, ku tambayi iyaye tun farko wa ke da sikila ko asma. Mai sikila ya sha ruwa kafin wasa da bayansa, ya huta da zarar ya gaji, kada a ce ragwanci ne. Mai asma abin shaƙarsa ya kasance a hannun malami, kuma kada a yi shara gab da farawa, ƙura na tayar da ita. A goge da tsumma mai laima, a jira ya bushe, a buɗe tagogi.

In haɓo ne, yaro ya zauna ya sunkuyo gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 ba saki. Ɗaga kai baya jinin yake turawa maƙogwaro. In biyu sun yi karo da kai, wasa ya ƙare musu ranar ko da sun ce lafiya lau, a sanar da iyaye. Amai, yawan barci, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti ne nan take.