Injin CPAP a Kumasi: hunturu, dumsor da takunkumi mai yoyon iska

Hajiya, Aboabo:
Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, kuma yanzu ne mutane ke naɗe injin CPAP, mai hura iska ta takunkumi ga waɗanda numfashinsu ke tsayawa cikin barci, su tura ƙarƙashin gado: hanci ya bushe, ido ya yi ja, ga dumsor, wato ɗauke wuta, tsakar dare. Masu kwana da shi da masu aikinsa, kowa ya kawo abin da ya gwada ya ga ya yi.

Nas, Tafo:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara duba takunkumi kafin a zargi inji. Iskar da ke hura ido daga saman hanci take tserewa, sai mutum ya ƙara ɗaure igiya, alhali ɗaurin ne ke murƙushe robar ya buɗe mata wata hanya. A kwanta tukuna, a kunna inji, a ɗaga takunkumin kaɗan a mayar, sannan a ja igiya daidai yadda yatsa biyu za su shige. A injin kamfanin ResMed, yoyon da ya wuce lita 24 a minti ya yi yawa. Man kaɗe ko basilin a fuska kafin barci yana sa robar santsi, basilin ma cinye ta yake yi. Kuma ƙananan hujojin nan na gaban takunkumi kada a toshe su, ta nan numfashin da aka fitar yake fita.

Malam, Asawase:
Ƙari kan maganar Nas, don masu gemu. Takunkumin da ke rufe hanci da baki ba ya zama a kan gashi. Wanda ke shiga ƙofar hanci kaɗai shi ne namu. In baki na buɗewa cikin barci har a tashi da maƙogwaro a bushe, a sa madaurin haɓa.

Alhaji mai aikin lantarki, Suame:
Maganar wuta. Adaftar yawancin injinan nan tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka wanda aka aiko daga Amurka ba ya buƙatar taransifoma, kan filogi kawai za a sauya. Abin tsoro shi ne yadda wuta ke dawowa da ƙarfi, a sa masa na'urar kariya irin ta firji. Batun batir kuwa, injin AirSense 10 na ResMed bolt 24 yake ci, akwai wayarsa ta musamman mai ɗaga bolt 12 zuwa 24, kuma ta fi inbata tattali. A ƙarfin iska 10, in an kashe ɗumama ruwan tankin da ke ba iskar laima, kusan amfiya ɗaya yake ja. In an kunna ɗumama ruwa da na tiyo, sai ya ninka sau uku zuwa huɗu. Daren dumsor dai a kashe su, ruwan ya zauna a tanki haka nan, iska za ta ɗan ɗebi laima. Batirin dalma kada a zuƙe fiye da rabinsa. Na mota kuwa ba a yi shi don wannan aikin ba, da wuri zai mutu.

Hajiya, Aboabo:
Alhaji, ruwan batir da ake sayarwa a Magazine, wurin makanikai na Suame, za a iya zuba shi a tankin? An ce tataccen ruwa ne.

Alhaji mai aikin lantarki, Suame:
A'a Hajiya, kada ma a soma. Wani akwai asid a ciki, kuma ba mai tabbacin jarkar da aka zuba shi. Huhu za shi.

Nas, Tafo:
Tataccen ruwa a nema a kantin magani. In ya yanke, ruwan leda zai yi na 'yan kwanaki, sai dai yana barin farin gari a gindin tanki. Khal kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma yana cire shi. Kullum safe a zubar da ragowar, a kife tankin ya bushe. Filta kuma a hunturu kada a bi lissafin watanni da ke takardar kamfani. A zaro ta duk mako, in ta koma kalar ƙasa a sauya, farar nan ba a wanke ta. Inji ya zauna kan ɗan teburi ƙasa da kan mai barci, ba a daɓe ba. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta duk zuƙe su yake ya kai hanci, gara gidan sauro, a shigo da tiyo ta ƙarƙashinsa.

Malam, Asawase:
Abin da aka fi sakaci da shi: komawa barci bayan asuba ba takunkumi. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa naman maƙogwaro ya fi saki, numfashi ya fi daɗewa a tsaye. Wanda zai koma ya kwanta, ko bayan sahur ne, ko ƙailula, ya mayar da shi. Direbobin hanyar Tamale da Bolga su fi kowa kiyaye wannan.

Ma'aikacin asibiti, Sawaba:
Da safe a duba AHI a fuskar injin, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya. Ƙasa da 5 ake nema. In ya ƙi sauka kuma babu yoyo, ko ana tashi da kumburin ciki da gyatsa, a kai wa likita katin injin mai ajiye bayanan barci ya gyara ƙarfin iskar. Daga 4 zuwa 20 yake, kowa da nasa, ba a aron na maƙwabci. Sai injinan hannu da ake aikowa daga waje: a watan Yunin 2021 Philips ya janye DreamStation na farko da wasu ire-irensa saboda soson rage ƙara da ke ruɓewa ya bi iska, kuma zafi da laima suna gaggauta ruɓewar. A duba lambar da ke gindin inji kafin a biya kuɗi. Takunkumi da tiyo kuwa sababbi za a saya, ko da injin na ɗan'uwa ne.