Ƙanena ya zo da haƙorin dutse daga Agadas, in sayar ko in ajiye?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yaron mota ne a hanyar Agadas. Wani Buzu ya ba shi abu biyu a bakin kuɗin mota: haƙori baƙi mai tsini, tsawon ɗan yatsa, da wani gungume kamar ƙashin gadon bayan raƙumi, amma nauyinsa na dutse, jan rairayi ya manne masa har wuƙa ba ta kankare shi. Ya ce daga Gadufawa suke. Inna ta ce ƙashin Samudawa ne, a fitar mata da shi daga gida. Jiya kuma wani ya taya jika 30. Me kuka gani?

Ɗan Birni: Jika 30 a kan dutse? Karɓe, malam, ka sayo gero.

Malamin lise (sakandare): Dakata tukuna. Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, a Afirka. Rairayin nan da ya manne wa ƙashin alama ce. Shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce manyan koguna ne ke malala a wurin. Dabba ta mutu, ambaliya ta binne ta da yashi, yashin ya danne ya zama dutse, ma'adinai suka shige ramukan ƙashin, shi ya sa ya yi nauyi. Masana na kiran wannan shimfiɗar dutse Elrhaz. A cikinta Bafaranshe Philippe Taquet ya tono wani dinozor, Ouranosaurus, ya ba shi suna a 1976, daga baya Paul Sereno na Amurka ya fito da Nigersaurus mai haƙora sama da 500. Haƙorinka in kewayayye ne kamar turke, ina zaton na Sarcosuchus ne, kadan da ya haura mita 9. Zato ne fa, sai an gani da ido. Kuma kar kowa ya fara fasa duwatsun unguwar Birni a nan Damagaram, su garanit ne, narkakken dutse da ya daskare, ba ƙashi a cikinsu.

Hajiya ta Zango: Ɗana, ka bi maganar mahaifiyarka ka kai shago, ba sai an yi gardama ba. Ni dai na ga irinsu tsaye a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, jikokina har kuka suka yi.

Tsohon ɗan duwan (kwastan): Dokar Nijar ta 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa. Mai tayin nan waje zai fitar, in an kama shi a iyaka sunanka zai fara faɗa.

Malamin lise: Na manta, kar ka wanke, kar ka shafa mai ko gam. Naɗe kowanne daban a tsumma. Ka sa ƙanenka ya nemo Buzun ya faɗi ainihin inda ya tsinta, don ƙashin da ba a san wurinsa ba rabin amfaninsa ya tafi. Sannan ka kai wa malaman ilimin ƙasa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram.

Mai tambaya: Na gode. Na kai shago, Inna ta yi barci. Malam, Litinin kana da aji da safe? Ina so mu je tare, ni kaɗai masu gadi ba za su saurare ni ba.