Wace kalma za mu ba awon iskar da mai naƙuda ke fitarwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min, kwana uku kenan kalma ɗaya ta tsayar min da aiki. Ina fassara wani bayani ne da za a karanta wa mata masu naƙuda kan binciken iskar da suke fitarwa ta baki da hanci, a Turance suna ce masa breath analysis, abubuwan da ake nema a ciki kuma volatile organic compounds, ko VOC a taƙaice. Duk wanda na tambaya sai ya ce min "gwajin numfashi mana" ya wuce, ni kuma raina ya ƙi kwanciya da shi.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Iskar da muke fitarwa mafi yawanta naitirojin ce, sai oksijin wajen kashi 16 cikin 100, kabon dayoksaid wajen kashi 4, da danshi, sai kuma wasu 'yan burbushin sinadarai da ake lissafa su da kashi kaza cikin biliyan, toh su ake nema. Jini yana ratsa huhu, kuma abin da ya raba shi da iska a can ciki ɗan tantani ne siriri ƙwarai, don haka duk sinadarin da ke yawo a jini in dai mai saurin tashi ne sai ya tsallaka ya biyo iska ya fito, kenan ana iya leƙa jinin mace ba tare da an soka mata allura ba. Tun 1971 masanin kimiyya Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna akwai sinadarai wajen 250 a iskar da mutum ke fitarwa. Kalmar da nake so ita ce wadda za a faɗa wa mace tana tsakiyar ciwo ta gane nan take, ba wadda sai an zaunar da ita an yi mata darasi ba.

Wata ungozoma:
Wa alaikis salam 'yar'uwa, gara da ranki ya ƙi, domin mu a ɗakin haihuwa in aka ce a duba numfashi toh ƙirga shi ake nufi, sau nawa take ja a minti ɗaya, kina rubuta gwajin numfashi kowace ma'aikaciya agogonta za ta duba. Amma shi kansa aikin ba baƙo bane a wajenmu fa. Takardar da muke bin naƙuda da ita, fatograf, a ƙasanta akwai gurbin fitsari, a ciki har da layin wani sinadari da ake ce wa asiton. In naƙuda ta yi tsawo mace ba ta ci ba ta sha ba ga aiki jiki na yi, sukarin da ta tara sai ya ƙare jiki ya koma ƙona kitse, asiton ya taru, wallahi wani lokacin tun kafin a tsoma tsinken gwaji kana sunkuyawa kusa da fuskarta za ka ji shi, kamar ruwan goge jan farce. Kuma samun fitsari a wajen macen da kan ɗa ya sauko ya danne mata mafitsara wani aiki ne mai zaman kansa, in akwai na'urar da za ta karanta wannan daga bakinta ni dai ina maraba. Ki sa awon iska kawai.

Wani ɗalibi:
Anti Sista ki yi haƙuri, iska kam akwai matsala. Ki tsaya a kan mace tana murƙususu ki ce za a duba ta ko akwai iska, ita da wadda ta rako ta ba iskar huhu za su ji ba, iskokai za su ji, hankali ya tashi a banza. Sannan in an zo fassara volatile ɗin wani zai ce masu bin iska, shi ma bai yi daɗin ji ba.

Wata ungozoma:
Ka yi gaskiya ƙanina, ban kawo wannan ba sam. Na janye.

Wani malamin kimiyya:
Bari mu rarraba abin kada mu cakuɗa. Na farko sinadaran kansu. Organic a nan ba yana nufin na halitta ko marar haɗi ba kamar yadda nake gani ana fassarawa, ma'anarsa kawai sinadarin da aka gina shi a kan kabon. Volatile kuma shi ne abin da in ka bar shi a buɗe zai tashi da kansa ba sai an ɗora shi a wuta ba, kamar fetur ko turare. Toh mu ai "tashi" muke cewa, turare ya tashi, fetur ya tashi, don haka sinadarai masu tashi ya wadatar, mai son cikawa ya ƙara da masu ɗauke da kabon. Kuma kada a yar da kalmar tashi ɗin nan don ita ce iyakar aikin gaba ɗaya. Oksitosin da ke sa mahaifa ta murɗa, ƙananan sinadarai 9 ne da ake kira amino asid a haɗe, ya yi nauyi, ba ya tashi, ba za a kama shi ta wannan hanyar ba, sai dai a ga sawun abin da ya jawo a jiki. In muka zaɓi sunan da zai sa mutane su ɗauka komai na jini ana gani a baki mun yaudare su.

Cikin masu tashin da jiki ke samarwa, wanda ni ya fi burge ni shi ne aisofirin. Mutum na fara motsa tsokar jikinsa da ƙarfi, ko da taka keke ne, cikin ɗan lokaci kaɗan yake hawa a iskar da yake fitarwa. A Mainz ta Jamus masana na cibiyar Max Planck sun auna iskar ɗakin sinima, suka wallafa a 2016, sun ga aisofirin da kabon dayoksaid na ƙaruwa daidai wuraren fim ɗin da 'yan kallo ke ɗar-ɗar. In zama a kujera ana kallo na yin haka, ina ga mace mai nishi da dukkan jikinta. Na'urar da ke iya bin wannan numfashi bayan numfashi ba tare da an kai samfur wani ɗaki ba, a Innsbruck ta Ostiriya aka ƙirƙiro irinta a shekarun 1990. Shawarata ga sunan aikin, awon tururin baki.

Mai tambaya:
Malam Allah ya saka da alheri, masu tashi kam na ɗauka na rubuta. Amma tururin baki ina da ja a wuri biyu. Baki zai kai hankalin mutane ga warin baki, mace ta ji kunya ta ɗauka an ce bakinta na wari, alhali masu binciken ma gudun iskar baki suke yi, farkon abin da ke fita daga baki da maƙogwaro yake, ƙarshensa ne ke zuwa daga can ƙasan huhu inda ya gamu da jini kuma shi suke so. Tururi kuma ruwa ne a ido na, na tukunya.

Jiya da dare ina ta juya abin sai wata kalma ta faɗo min, huci. Ba shi bane iska mai ɗumi da ke fitowa daga cikin mutum? Muna cewa na ji hucin numfashinsa a wuyana, muna cewa hucin wuta, hucin zazzaɓi. Numfashi shiga da fita ne, shaƙa shiga ce kawai, haki saurin ne, nishi sautin ne da yunƙurin, amma huci kullum daga ciki yake zuwa waje kuma yana ɗauko wani abu na cikin, ɗumi ko wari. Ni ban ga kalmar da ta fi shi zama daidai ba. Awon huci. Sinadaran huci.

Wani ɗalibi:
Yaya amma huci ai fushi ne, in an ce wane yana huci toh a ba shi hanya.

Wani malamin kimiyya:
Fushin daga baya ya zo ɗana, an ce mai fushi yana huci ne saboda iskar da yake furzarwa da ƙarfi, asalin dai iskar ce. Kuma da zarar ka sa awo a gaba ma'anar fushi ta faɗi, ba wanda zai ji awon huci a asibiti ya ɗauka za a auna ɓacin ransa. Na bar tururi, amma kada a jefar da tunanin ruwan, akwai wata hanya daban da ake bi da hucin ta cikin bututu mai sanyi har danshinsa ya zama ɗigon ruwa a tara a auna, a nan ana samun wasu abubuwan da ba sa tashi. Wannan sai mu ce masa raɓar huci, tunda yadda raɓa ke sauka kenan.

Mai tambaya:
Raɓar huci! Malam wannan ta yi kyau wallahi. Saura awo ko gwaji. Na fi karkata ga awo don mai ciki ta riga ta saba da shi, wata da watanni tana zuwa awo, kalma ce da ba ta tsorata ta. Gwaji kuma in aka haɗa shi da hura bututu, wanda ya san na'urar da 'yan sanda ke ba direbobi su hura don gano giya, wadda Robert Borkenstein ya ƙirƙiro a 1954, can tunaninsa zai tafi.

Wata ungozoma:
Awo ɗin ya yi, amma 'yar'uwa ki ji tsoron Allah a wuri ɗaya. Daɗin kalmar kada ya rufe gaskiya. Awon huci na wasu cututtuka ya zauna a asibitoci, kamar na ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki da na asma, amma na naƙuda har yanzu bincike ne, ba a yanke hukuncin tiyata ko ƙarin ruwa da shi. In kin ce awo kawai za ta ɗauka cikin kulawar da dole a yi mata ne, ta kasa cewa a'a. Dole kalmar bincike ta fito ɓaro-ɓaro, kuma a nemi yardarta tun ciwo bai kankama ba, ba sai tana ganin ɗaki na juyawa ba. Sannan masu binciken su sani ɗakinmu cike yake da abubuwa masu tashi, sanitaiza a hannun kowa, maganin goge ƙasa, wani wurin ga iskar rage zafi da take shaƙa rabi naitiros oksaid rabi oksijin, duk za su shiga na'urar, sai an auna iskar ɗakin ita ma an ware. Ga haki, mace in ta yi ta haki kabon dayoksaid ɗinta na sauka har yatsu su yi mata tsir-tsir jiri ya ɗebe ta, hucin da aka ɗauka ana tsakiyar murɗa da wanda aka ɗauka bayan ta lafa ba ɗaya bane.

Mai tambaya:
Na gode Anti, na gyara. Ga yadda layin farko ya zama, ku duba min: "Muna wani bincike ne da ake kira awon huci. Za ki hura iska cikin wannan bututu, na'ura ta auna sinadarai masu tashi da ke fitowa daga jininki. Ba allura, ba ciwo, kuma in kin ce ba kya so ba abin da zai ragu a kulawar da za a yi miki."

Wata ungozoma:
Cire "za ki hura". Hurawa da ƙarfi ake yi, kuma duk ƙarfin da ya rage mata na nishi ne, in kin ce ta hura za ta tattaro shi ta ba bututu, ga shi zai canja abin da ake son aunawa. Ki sa "za ki yi numfashinki yadda kika saba, bututun na kusa da bakinki".

Mai tambaya:
Na cire, na sa naki.