Da gaske ne Gowon ya ba Ahidjo kyautar Bakassi?

Ɗan Mubi:
Assalamu alaikum. Ana yawan cewa Janar Gowon ne ya ba Kamaru yankin Bakassi a matsayin tukuici, saboda Shugaba Ahmadu Ahidjo ya toshe wa Biyafara iyaka lokacin yaƙin basasa. In haka ne, me ya kai maganar Kotun Duniya, kuma da wace hujja Najeriya ta faɗi? Masana tarihi, a taimaka mana.

Malam Bappa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne Ahidjo ya tsaya wa gwamnatin tarayya a yaƙin, amma zancen kyauta ba shi da tushe mai ƙarfi, domin takardar da ta kayar da Najeriya ta girmi Gowon. Ranar 11 ga Maris 1913 Birtaniya da Jamus suka sa hannu kan yarjejeniyar iyaka daga Yola zuwa teku. A can kudu an bi kogin Akwayafe, Bakassi kuma yana gabas da shi, wato ɓangaren Jamus, wadda ke mulkin Kamaru a lokacin. Har sai da suka rubuta cewa ko da kogin ya sauya baki ya koma zuba a Rio del Rey, mashigin ruwan da ke gabas da Bakassi, Bakassi yana nan a hannun Jamus. Bayan yaƙin duniya na ɗaya yankin ya zama cikin Kudancin Kamaru da Birtaniya ta riƙe amana, Kudancin Kamaru kuwa ya zaɓi haɗewa da Kamaru a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961.

Abin da Gowon da Ahidjo suka yi shi ne shata iyakar ruwa: sanarwar Yawunde ta Afrilu 1971, sai ta Marwa ranar 1 ga Yuni 1975. Layin da suka ja ya bi yamma da Bakassi, ka ga sun tabbatar da abin da ke takarda ne tun 1913. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon, gwamnatin da ta biyo baya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da sanarwar Marwa ba. Kotu ta ƙi wannan hujja: sa hannun shugaban ƙasa yana ɗaure ƙasarsa, muddin ba a sanar da ɗaya ɓangaren cewa ikonsa yana da iyaka ba.

Hujjar Najeriya mafi nauyi ita ce yarjejeniyar kariya ta 1884 tsakanin Birtaniya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, waɗanda Najeriya ta ce Bakassi ƙasarsu ce: wanda aka ba amanar kare ƙasa ba shi da ikon kyautar da ita. A ganina magana ce mai ma'ana, amma alƙalai sun ɗauki irin wannan yarjejeniya a matsayin hanyar mallakar ƙasa a dokar wancan zamani. Hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba 2002.

Hajiya Mairo:
Malam Bappa ya yi bayani, sai dai kada a manta da arewa, domin ƙarar ba ta Bakassi kaɗai ba ce. Kamaru ta shigar da ita a Maris 1994, bayan sojojin Najeriya sun shiga Bakassi a ƙarshen 1993, sannan ta faɗaɗa ta har Tafkin Chadi da dukan iyakar tudu mai kusan kilomita 2,000. Da tafkin ya ja baya, masunta da manoma daga Najeriya suka bi ruwan, suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumomin Borno suka bi su da haraji da 'yan sanda. Kotu ta ce gudanar da mulki a wuri ba ya shafe iyakar da aka rubuta, ta koma kan takardun Birtaniya da Faransa na 1919 da 1931. A Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka wajen 30 a bakin tafkin.

Kuma ku sani, Kamaru ce ta fara jin an cuce ta. A ƙuri'ar 1961 Arewacin Kamaru, su Mubi da Gwoza da Ganye da Mambila, ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Ahidjo, Bafulatanin Garwa, bai haɗiye wannan ba, har ya kai Birtaniya ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a 1963. Iyakar nan dai ta tsaga tsohuwar masarautar Adamawa gida biyu, Yola nan, Garwa da Ngaundare can.

Ɗan Mubi:
Allah ya ƙara sani. To babu damar ɗaukaka ƙara ne?

Barista Nura:
Babu ɗaukaka ƙara a Kotun Duniya, sai dai neman sake duba hukunci, shi ma da sharuɗɗa: a samo sabuwar hujja mai iya juya shari'ar wadda ba a san da ita ba a lokacin, a gabatar cikin wata 6 da gano ta, kuma kafin shekara 10 su cika. Wa'adin ya ƙare a Oktoba 2012, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba.

Aiwatarwa kuwa daki-daki aka yi. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya na Kamaru, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a Nuwamba 2002 don shata iyaka da kafa turakun kankare. Ranar 12 ga Yuni 2006 aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, sojoji suka fita a Agustan shekarar, aka miƙa ragowar yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008, sai shekara 5 na riƙon ƙwarya zuwa 2013. Inda aka yi sakaci a gida shi ne sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta zartar. Shi ya sa Majalisar Dattawa ta yi tirjiya a 2007. Wanda ya fi ciwo kuma shi ne masuntan Efik da Ibibio da aka kwaso: an sake tsugunar da da yawansu a tudu, nesa da ruwan da suke ci da shi.