Neman shawara: magena tana tari tun shigowar hazo

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da mage 'yar shekara 3, a hannuna ta tashi. Tun da hazo ya sauka a Kano take wani irin tari: sai ta lafe a ƙasa, ta miƙa wuya kamar za ta yi amai, amma ba abin da ke fitowa. Da dare ya fi tsanani. A kicin take kwana, janareton maƙwabcinmu kuma daf da tagar yake. Ni ma ba na fashin turaren wuta bayan magariba. Karen maigida ma idonsa ya yi ja, kullum da kwantsa. Surukata ta ce in ɓallo mata ɗan paracetamol. Wallahi tausayinta ya hana ni barci. Me zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Don Allah 'yar uwa kada ki ba ta paracetamol, ko ɓarɓashi! Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, guba ne a wurinta, kashe ta yake yi.

Baban Khalil: Hajiya, a asibitin dabbobi nake aiki. Wannan lafewa da miƙa wuya ta yi kama da fuka, don mage ma tana yin ta kamar mutum. Hanyoyin iskarta ƙanana ne, hayaƙi da ƙura na sa su kumbura su tsuke. Amma tsutsar huhu ko ciwon sanyi na iya kawo irin wannan tari, shi ya sa sai an duba ta, wataƙila har da hoton ƙirji.

Kafin nan, idan ta yi barci ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya, ɗagawar ƙirji da saukarsa ɗaya ke nan. Ƙasa da 30 lafiya lau. In ya haura 40, ko kika ga ta buɗe baki tana haki, ko dasashinta ya yi shuɗi-shuɗi, kada ki jira gari ya waye. Kare na haki don ya sha iska, mage ba ta yi sai in abu ya ɓaci.

Janareton ne ma ya fi tayar min da hankali. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba da ake kira carbon monoxide, ba ta wari, ba a ganinta, tana hana jini ɗaukar iskar da muke shaƙa. Wannan har ku da yara ya shafa.

Anti Fatakwal: Na zauna Fatakwal lokacin da baƙin toka ya addabi garin, daga 2016. Farar magena sai da ta koma ruwan toka. Abin da mutane ba su lura ba, mage na lashe jikinta, duk abin da ya sauka a gashinta cikinta yake tafiya. Kullum da yamma nakan goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Karen kuma ki wanke masa ido da tafasasshen ruwan da ya huce, a ɗaure shi nesa da injin. In kin fesa maganin sauro, kada magen ta shiga ɗakin sai ya sha iska.

Maman Amira: Allah ya saka da alheri. Na ƙirga, 36 na samu. Na mayar da ita falo, kaskon turare kuma na fitar tsakar gida. Maigida zai yi wa maƙwabcin magana bayan isha'i. Baban Khalil, in na kawo ta da safe, in ba ta abinci ko ta zo haka?

Baban Khalil: Ki ba ta kaɗan. In tarin ya taso cikin dare, ki ɗauka a waya ki zo mana da bidiyon.